Kafin Ka Haɗiyi Ƙwayar Hana Barci

Da zarar bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40, ranar jarrabawar BEPC da BAC ta fara leƙowa, sai wata magana ta soma yawo a bakin 'yan lakwal: wai akwai abin da mutum zai sha ya kwana yana karatu, ko gyangyaɗi ba zai yi ba. Ana jin ta a Safo, ana jin ta a Madarunfa, ana jin ta a ɗakunan haya na Maraɗi inda 'ya'yan ƙauyukanmu ke zaune saboda lise ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Mai kawo maganar ba safai yake zama mugu ba. Yawanci aboki ne da ya ga ka rikice, darasi ya taru maka, kwanaki sun ƙure, ya ce bari ya taimaka. Shi ya sa ma take saurin shiga kunne. Ƙanena, ƙanwata, da ku nake: wanda aka yi wa tayi bai riga ya karɓa ba, da wanda ya karɓa yana laluben mafita. Iyayen da ke ganin ɗansu yana ramewa suna cewa karatu ne, su ma su matso.

A Amurka da Turai, ƙwayar da ɗaliban jami'a ke sha don karatu magani ne na gaske, Ritalin ko Adderall. Likita ke rubuta shi ga masu wata larura da ake kira ADHD, wato mutum tun yana yaro ya kasa tsayar da hankalinsa kan abu guda, har abin ya hana shi karatu da zama da mutane. Maganin yana ƙara ƙarfin wasu sinadaran ƙwaƙwalwa biyu, dofamin da noradirenalin, kuma ga mai larurar yana da amfani ƙwarai. Amma yana kama jiki, shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa sinadaran cikinsa a jerin waɗanda ake sa wa ido sosai. Lafiyayyun ɗalibai sai su roƙa ko su saya a hannun abokansu masu takardar likita.

To me yake yi wa lafiyayye? An gwada an gani. A 2023 masu bincike daga jami'o'in Kambirij ta Ingila da Melbon ta Ostareliya suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 40 masu ƙoshin lafiya. Aikin da aka ba su shi ne su zaɓi kayan da za a zuba a jaka, su fi kowane zaɓi daraja, ba tare da sun wuce nauyin da aka yanka ba. Wata rana a ba su ƙwayar gaske, wata rana a ba su ta banza mai kama da ita, ba su san wacce suka haɗiya ba. Ranar da suka sha ta gasken sun fi daɗewa a kan aikin, sun fi yawan sauya zaɓi, sun fi nacewa, amma ingancin abin da suka kai gare shi raguwa ya yi. Waɗanda ma suka fi iyawa in ba su sha komai ba, su suka fi komawa baya. Shekara goma kafin nan, a 2013, an yi makamancin haka da Adderall a Jami'ar Fensilbaniya. Gwaje-gwajen ba su nuna wani ƙarin basira na a zo a gani ba, amma waɗanda suka sha sun haƙiƙance a ransu cewa sun fi ƙoƙari.

Abin da ƙwayar ke sayar maka ke nan: jin cewa kana karatu. Mai gyaran takardar BAC kuwa ba ya ba da maki kan abin da ka ji cikin dare, sai abin da ka iya zubawa a takarda da safe.

Wannan fa maganin asali ke nan, wanda aka san masana'antarsa. A wajenmu ba shi ne ya cika kasuwa ba. Abin da za a miƙo maka a tasha ko a kan tiren mai tallar magani galibi tramol ne, ko wata ƙwaya da aka ɓare daga kwalinta ba a ma san sunanta ba. Iyakar Nijeriya na nan kusa, Ɗan Isa da Jibiya, kaya na kai da komo, kuma matsalar a can ƙetare ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan magungunan kashe ciwo irin su tramol ba don jinya ba. A watan Mayun shekarar ne kuma Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Tramol maganin matsanancin ciwo ne, dangin kodin da mofin, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fara fitarwa kasuwa a 1977. Ba a yi shi don wartsakar da kowa ba. Sai dai yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa jin kuzari, don haka na ɗan lokaci mutum ya daina jin gajiya. Dalilin da ya sa mai noma da ɗan kabu-kabu da ɗan dako ke shansa ke nan. Gajiyar tana nan daram, jinta kawai aka toshe. Hauya tana iya tafiya da kai a dushe, amma lissafi da falsafa ba sa yarda. Mai tramol sai ya karanta shafi guda sau uku yana murmushi, da safe ka tambaye shi me ke ciki, ya yi ta sosa kai.

Ga kuma batun yawa. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma babban mutum mai ciwo ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Na kan titi za ka ga an rubuta 120, 200, 225, har 250. Ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haura iyakar. Babban haɗarinsa shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da mutum bai taɓa yi ba a rayuwarsa, kuma rashin barci shi ma kan janyo jijjigar, ka ga ɗalibin da ya haɗa su biyun ya tara wa kansa. In aka haɗa da diyazefam, wanda wasu ke sha don su samu barci bayan tramol ya hana su, ko aka haɗa da giya, numfashi ne ke raguwa, wani lokaci ya tsaya. Kada kuma ka dogara da abin da aka rubuta a kwali. Bayan Indiya ta tsaurara dokar tramol a 2018, 'yan fasa-ƙwauri suka koma wani haɗin na tafentadol da karisofurodol, wanda babu ƙasar da ta amince a sayar da shi. A Fabrairun 2025 BBC ta nuna yadda ake jigilarsa zuwa Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa da sunaye irin su Tafrodol. Har a Amurka ma, a watan Mayun 2022 ɗalibai biyu na Jami'ar Jihar Ohayo sun mutu, jami'ar ta yi gargaɗi kan jabun Adderall mai ɗauke da fentanil, wani dangin mofin mai tsananin ƙarfi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san abin da za ka ce: to shayi fa, da Nescafé, da goro? Ban ce ka bari ba. Amma ka san yadda suke aiki. Abin da ke cikinsu kafeyin ne, kuma shi ma ba ya kawar da gajiya, toshe saƙonta yake yi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Babban mutum mai lafiya ana ganin kada ya wuce miligiram 400 a yini, ɗan shekara goma sha shida kuwa ƙasa da haka sosai. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne daɗewarsa a jiki: bayan wajen awa biyar, rabin abin da ka sha yana nan bai fita ba. Shayin da aka dafa a majalisar samari ƙarfe goma na dare, musamman kofin farko mai ɗaci, yana nan tare da kai har kiran assalatu. Ko ka yi barci, mai sama-sama ne. Don haka ka mai da shayinka na safe da na rana, in la'asar ta yi ka rufe. Kada ka zuba Nescafé cikin lemon ƙara kuzari, kada ka tauna goro a kai. In ka ji zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, ka wuce gona da iri, ka tsaya ka sha ruwa. A wannan zafin ma ruwa ne abin da ya fi kamata ya kasance kusa da littafinka.

Me ya sa nake nacewa kan barci? Domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke kimtsa abin da aka karanta da rana ta adana shi. Darasin da ka karanta ka kwana a kai ya fi zama fiye da wanda ka karanta ka wayi gari ido biyu. Bincike ya kuma nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hankalinsa da lura sukan ragu kwatankwacin na wanda ya ɗan sha giya. Barci bashi ne, kuma mai binsa ba ya yafewa. Ka hana shi ƙarfe biyu na dare, sai ya biyo ka har ɗakin jarrabawa ƙarfe goma na safe.

Yanzu ga abin da za ka yi a maimakon ƙwaya, kuma ba sai ka je nesa neman dabarar ba. Dubi almajirin tsangaya. Ba ya zama ya ƙura wa allo ido har gari ya waye. Yana karantawa da ƙarfi, ya kife allon, ya kawo da ka, ya je ya biya wa malam. In ya yi kuskure a gyara masa nan take. Gobe kafin ya ɗauki sabo sai ya yi tilawar na baya, jibi ma haka. Da wannan ne yaro ke haddace izu sittin. Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan hanya. A 2006 Roediger da Karpicke, a wata jami'a a Amurka, suka ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya suka rufe suka yi ta ƙoƙarin rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu rufe littafi kashi 61. Abin mamaki, masu maimaitawar ne suka fi tabbata cewa za su tuna.

Saboda haka, in ka gama babi a tarihi ko ilimin halittu, rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta duk abin da ka tuna. Sannan ka buɗe ka duba abin da ya tsere maka, shi za ka sake karantawa, ba babin gaba ɗaya ba. Bayan kwana biyu ka sake gwada kanka, bayan mako ka sake. Wannan hanya ba ta da daɗi, domin tana nuna maka jahilcinka ƙiri-ƙiri, amma gara ka gan shi a ɗakinka cikin Mayu da ka gan shi a gaban mai gadin jarrabawa. Lissafi da fizik kuwa ba a karanta su da ido. Nemi takardun jarrabawar shekarun baya, wajen malamin lakwal ko wajen waɗanda suka riga ka, ka zauna da agogo ka yi su cikin lokacin da za a ba ka ranar. In lokaci ya ƙure maka, duba darasin da ya fi nauyin maki a sashenka ka ba shi mafi kyawun lokacinka. Ɗan sashen D da ya kwana yana haddar labarin ƙasa ya bar lissafi da kimiyya, ya yi asarar dare.

Mafi kyawun lokacin kuwa a ƙasarmu sananne ne: bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, iska da sanyi-sanyi, gari shiru. Awa biyu a nan sun fi huɗu na tsakar dare. Bayan azahar, lokacin da zafi ke narkar da mutum, ka kishingiɗa minti ashirin zuwa talatin, kada ka zarce. Bayan la'asar ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ku fi haka, kowa ya tashi gaban allo ya bayyana wa sauran darasi guda ba tare da duba littafi ba, su kuma su yi masa tambayoyi. Bayan isha'i ka yi bita mai sauƙi, wajen sha ɗaya ka kwanta. Wayar hannu a ajiye ta nesa, ko a ba wa inna ta riƙe. Da yawa daga cikin masu kukan lokaci bai ishe su ba, WhatsApp da TikTok ne suka cinye shi.

Wani lokaci kuma gyangyaɗin da ke damunka ba lalaci ba ne. Yaron da ya fito daga gida bai karya ba, ya tako ƙafa zuwa lakwal, dole ido ya rufe ƙarfe goma. Koko da ƙosai, ko fura, ko ɗumamen tuwo, sun fi kowace ƙwaya. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga 'yan mata, yana kawo kasala da jiri. Zazzaɓin cizon sauro na ƙaruwa da faɗuwar damina. Wanda kansa ke ciwo duk lokacin da ya ɗauki littafi, wataƙila tabarau yake buƙata. Waɗannan duk abubuwa ne da ake dubawa a likita. In kuma tun kana ƙarami ba ka iya tsayar da hankali, a gida da lakwal duka, wannan ma maganar likita ce, shi zai tantance.

Kai kuma da ka riga ka fara, ga yadda za ka gane ko ta kama ka. Da guda ɗaya ke isarka, yanzu sai biyu. In ba ka sha ba, sai gaɓoɓi su yi ciwo, hanci na zuba, gumi, hamma, gudawa, ƙafa ba ta zama wuri ɗaya, ga faɗuwar gaba ba dalili. Kuɗin abinci sun fara tafiya can. In ka ga haka, kada ka yanke shi rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki, domin wahalar kan mai da mutum ruwa, kuma wanda ya daina na wasu kwanaki ya koma kan adadinsa na da, jikinsa ba zai iya ɗauka ba. Ana rage shi ne sannu a hankali bisa tsarin ma'aikacin lafiya. Je CSI, wato cibiyar lafiya, mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Madarunfa ko babban asibitin Maraɗi. Tafi da kwalin abin da kake sha, ka faɗi guda nawa a yini, tun yaushe, da me kake haɗawa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In ka rage adadi don kunya, lissafin da za a yi maka zai zo ba daidai ba. Ka kuma nemi babba guda da ka yarda da shi, kawu ko yaya ko limamin unguwa, ya san halin da kake ciki.

In abokin karatunka ya faɗi yana jijjiga, ku kawar da benci da duk abin da zai buge shi, ku sa tsumma ƙarƙashin kansa. Kada ku danne shi, kada ku cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada ku ɗura masa ruwa ko madara. In jijjigar ta lafa ku juya shi ya kwanta a gefensa. Ku duba agogo: in ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, leɓe ya sauya launi, an tashe shi ya ƙi tashi, a garzaya da shi likita nan take. Ko ta lafa da kanta ma a kai shi a ranar. Ku faɗi gaskiyar abin da ya sha. Akwai allurar naloksan da ke dawo da numfashin wanda irin wannan magani ya danne, amma sai an san abin da ake yaƙa. Tsoron kada asiri ya tonu bai kai ran mutum ba.

Baba da inna, ga naku. Jarrabawa na faɗowa daidai lokacin sharar gona da shuka, kuma yaron da ya wuni da hauya ko yarinyar da ta wuni tsakanin rijiya da turmi da murhu, dare kaɗai ya rage musu. Su ne farkon waɗanda za a yi wa tayin ƙwaya. Ku ɗaga musu ƙafa na mako shida ɗin ƙarshe, a raba aikin ga sauran 'yan gida. Ku rage cewa "duk kuɗin da muka kashe a kanka", ya riga ya sani, shi ne ma ke hana shi barci. In kun ga ya daina cin abinci, yana yawan ƙaiƙayi, fushi ba dalili, barci a zaune da rana, ko kun tsinci fankon ƙwaya a aljihu, kada a fara da bulala ko tara masa jama'a. A kira shi gefe a tambaye shi tun yaushe, a raka shi likita. Wanda ya faɗi BAC bana yana iya sake zama baɗi, kuma da yawa sun samu a zama na biyu.

Daren jarrabawa kada ka buɗe sabon darasi. Haɗa takardar kiranka da katin shaida da biro biyu da abin zane tun da magariba, ka ci abin da cikinka ya saba da shi, ka kwanta da wuri ko da barcin bai zo nan da nan ba. Da safe ka karya, ka ɗauki gorar ruwa, ka isa wurin kafin lokaci. In wani a bakin ƙofa ya miƙo maka abu ya ce zai buɗe maka kai, ce masa ka gode, ka wuce. In an raba takarda, karanta tambayoyin duka tukuna, ka fara da wadda ka fi sani.